Kafin a Soka Allura, Wa Zai Sa Rigar?

Babbar riga ɗinkin hannu ba ta fita daga hannun mutum ɗaya. Duk wanda ya saba ratsa lungunan birnin Zazzau da hantsi ya san yadda abin yake: magidanta zaune a zaure ko a gindin inuwa, kowa da ƙyalle bisa cinya, allura na shiga tana fita, a cikin gida kuma mata na nasu. Kafin riga ta hau wuyan mai ita sai ta bi hannu biyar ko shida. Akwai wanda ya sayo shadda, akwai telan da ya yanka ya harhaɗa, akwai mai zane da zai shimfiɗa aljihu ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari, sannan mai ɗinkin da zai shafe makonni, wani lokaci watanni, yana bin zanen nan da zare. In an gama a kai wa mabuga su yayyafa mata ruwa, su buge ta har ta yi sheƙi, su ninke. Daga nan sai dillali.

Masu wannan sana'a sun san riga iri biyu ce. Akwai wadda mai ita ya zo da ƙafarsa, aka auna tsayinsa, ya zaɓi yadi da launin zare, ya ajiye kafin alƙalami. Wannan tun ba a soka allura ba an san inda za ta. Akwai kuma wadda aka ɗinka da fatan Allah ya kawo mai saye. Ita ma takan yi kyau, wani lokaci ma ta fi ta farkon aiki, amma takan daɗe a ninke. In Sallah ta wuce ba ta fita ba, maɗinki ya fara rage kuɗi, ƙarshe ya sayar da ita a faɗuwa don ya sami na cefane.

Yawancin digiri na biyu da na uku da 'ya'yanmu ke yi a yau irin riga ta biyun ne.

Ba sai an yi nisa ba kafin a ga haka. A fito ta Ƙofar Doka, a nufi Tudun Wada, a karkata wajen Kongo da Gyallesu. Unguwa ce da makarantu suka sa a tsakiya: ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya wadda yanzu aka ɗaga zuwa jami'a. Gidajen haya cike suke da ɗalibai, shagunan buga takardu da ɗaure kundi ba sa rabo da layi. A cikin masu layin akwai magidanta, akwai matan aure, akwai samarin da suka gama bautar ƙasa tun bara waccan. Ka ja ɗaya gefe ka tambaye shi abin da ya dawo da shi aji, amsar da za ka fi ji ita ce: "Wallahi zaman ne ya ishe ni. Na gama sabis, ba aiki, na ce bari in ɗan ƙara kafin Allah ya kawo." Ka sake tambaya, in ya gama ina ya nufa, sai ya ce, "Ko ina aka samu."

Ba wanda zai ga laifin wanda ya guji zaman kashe wando. Amma maɗinkin da ya ce rigarsa ta kowa ce, bai auna kowa ba ke nan.

Lokacin da ake ɗinki da awo

Dattawanmu da suka yi karatu a wannan yanki ba su san wannan damuwa ba, kuma da dalili. Makarantar Kongo ta soma ne a matsayin wurin horar da akawuna a shekarun 1940, ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954. Gwamnatin Jihar Arewa na bukatar ma'aji da alƙalai da jami'an mulki 'yan ƙasa da za su karɓi kujerun Turawa, En'e-En'e kuma su ke turo mutanensu. Wanda ya shiga aji ya san teburin da ke jiransa. A 1962 aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya, a shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin jami'o'in Nijeriya duka biyar ne. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976, kowace sabuwar jiha ta buɗe ma'aikatu ta shiga farautar masu digiri. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya haɗiye malamai iya waɗanda aka yaye. A wancan zamani aiki ke neman mutum.

Daga 1986 labari ya sauya. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar Naira, ya rage ɗaukar ma'aikata, har a shekarar aka ga dole a kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa. Masaƙun Kaduna da suka ɗauki dubban mutane suka yi ta rufewa: KTL a 2002, UNTL a 2007. A ɗaya gefen kuma jami'o'i sai ƙaruwa suke, yau sun haura 250. Masu ɗinki sun yawaita, masu ba da ɗinki sun ragu. Abin da bai canza ba shi ne tunaninmu. Har gobe uwa na cewa ɗanta, "Kai dai ka yi karatun, aiki na Allah ne," shi ma ya tafi a kan haka. Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma ko maɗinkin da ya fi kowa tawakkali sai ya tambayi dillali irin rigar da ke tafiya bana kafin ya zuba jarinsa a shadda.

Awo

Matakin farko na tsara makoma shi ne sanin wanda ake yi wa ɗinkin, domin masu ɗaukar mai babban digiri ba tsayinsu ɗaya ba.

Mai son koyarwa a jami'a ya sani digiri na biyu ƙofar shiga ce kawai, mataimakin lakcara za a ɗauke shi, ba zai yi nisa ba sai da digirin digirgir da maƙalun da ya buga a mujallun ilimi. In nan ya nufa, tun yana aji ya kamata ya fara fitar da maƙala daga kundinsa, ya riƙa halartar tarukan ƙungiyar masana fanninsa, ya kula da sakamakonsa, don sashe ba ya riƙe wanda ya tsallake da ƙyar.

Mai son aikin gwamnati ya sani a tsarin ma'aikatan tarayya mai digiri na farko kan shiga a mataki na 8, mai na biyu a mataki na 9, mai na uku a mataki na 10. Ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda ya sami shiga da digirinsa na farko, ya yi shekara uku a bakin aiki, zai iya tarar da abokinsa da ya tsaya ƙarin karatu a mataki ɗaya, ga shi kuma ya riga shi sanin kan ofis.

Mai son banki ko babban kamfani ya lura da shekarunsa. Da yawansu kan ƙayyade wa sababbin shiga shekaru ƙasa da talatin. Karatun da aka ce na wata goma sha takwas ne yakan ja ya kai shekara uku ko huɗu, musamman in yajin aiki ya ratsa, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Saurayin da ya shiga yana da shekara 26 zai iya fitowa ƙofar da yake hari ta rufe. Irin wannan gara ya nemi aikin tukuna, ya yi karatun na ƙarshen mako ko na nesa daga baya. Kamfanoni kuma sau da yawa sun fi duba takardar ƙwarewa: akanta mai ICAN ko ANAN, malamin makaranta mai rajistar TRCN, injiniya mai rajistar COREN.

Mai son ƙungiyoyin raya ƙasa, irin masu aikin lafiya da noma da ilimi a jihohin Arewa, ya sani abin da suke tambaya shi ne: ka taɓa fita ƙauye tattara bayanai? Ka iya rubuta rahoto? Ka iya bibiyar aiki da auna sakamakonsa? Mai son kafa nasa kuwa, ya tambayi kansa da gaske ko digirin zai ƙara masa ciniki, ko kuɗin makarantar ne jarin da yake nema.

Kowanne daga cikin waɗannan awonsa daban. Ba a yanka shadda sannan a zo ana tambayar tsayin mai riga.

Zane

Mai zane ba ya ɗaukar lokaci kamar mai ɗinki, amma abin da ya shata shi za a bi har ƙarshe. Taken bincike haka yake. A mako guda ake zaɓensa, a shekara biyu ake fama da shi, kuma shi ne abin da za a fara tambayar ɗalibi a wurin intabiyu.

A ɗauki ɗalibai biyu a sashe ɗaya. Na farko ya shiga ɗakin karatu, ya jawo tsohon kundi, ya ga an yi bincike a kan wata ƙaramar hukuma, sai ya canza sunan ƙaramar hukumar ya kai wa malaminsa. Na biyu ya tafi sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma, ya gaida ma'aji, ya ce, "Ranka ya daɗe, mene ne ya fi ci muku tuwo a ƙwarya wajen tara haraji a kasuwa?" Aka ce masa rasit na ɓacewa tsakanin mai karɓa da baitulmali. Ya mai da wannan taken bincikensa, ya yi wata shida yana shiga kasuwa yana fita, ya san 'yan kasuwa, ya san masu karɓar haraji, ya gano inda kuɗin ke zurarewa. Dukansu biyu za su kare kundi, za su sa hula da alkyabbar yaye a rana ɗaya. Amma na biyun ya fito da abin faɗa, da mutanen da suka san fuskarsa, da matsalar da ya iya warwarewa. Na farko ya fito da kwali mai bango.

Abin takaici, ƙasar nan kaf da wuya a sami garin da ya kai Zariya wuraren da ɗalibi zai kai zanensa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ita ta fitar da irin masara da gyaɗa da dawa da wake masu suna da SAM a farko, har da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da aka saki a 2019. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika ita ta samar da kazar ShikaBrown. Akwai NAERLS mai kai sakamakon bincike ga manoma, akwai cibiyar fasahar sufuri da ta binciken sinadarai a Basawa, akwai ta fasahar fata a Samaru, akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, akwai asibitin koyarwa a Shika, akwai kamfanonin iri a Cikaji da kewaye. Kowannensu na da tambayoyin da ba a amsa ba, da tarin bayanan da ba wanda ya zauna ya tace. Ɗalibin da ke kwana a Gyallesu kuɗin mota kaɗan ne tsakaninsa da su, amma sai ya gama karatu bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba.

Ɗinki

Dillalin da ya san aiki ba gaban riga yake fara dubawa ba. Juya ta yake yi ya ga bayan ɗinkin, a nan ake gane hannun gwani da na mai gaggawa. Mai ɗaukar aiki ma haka. Zai ajiye kwalin gefe ya ce, ga alƙaluma, tace mini su; ga shafi uku, taƙaita mini a sakin layi ɗaya; tashi ka yi mana bayanin bincikenka cikin minti biyar.

A nan asirin wanda ya ba da kwangilar kundinsa ke tonuwa. Kowa ya san akwai masu wannan sana'a a kewayen manyan makarantu, babi na huɗu da kuɗinsa, kundi sukutum da kuɗinsa. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zubo shafuka cikin daƙiƙa. Wanda ya bi ta nan ya biya kuɗi ne aka raba shi da abin da ya zo nema. Zanen aro ba ya rufe katara.

Shekarun digiri na biyu su ne damar koyon abubuwan da ba a rubuta su a jikin kwali: sarrafa alƙaluma da Excel da SPSS ko R, tsara tambayoyi a waya da KoboToolbox, rubuta Turanci mai tsabta da Hausa mai tsabta, neman tallafin bincike, tsayawa gaban jama'a ba tare da murya na rawa ba. Mai Hausa a baki da alƙalami ya daina raina ta. Aikin fassara da na wayar da kai da na tattara bayanai a karkara duk suna nemanta, yanzu har kamfanonin fasaha na neman masu rubuta ta daidai.

Maɗinkan birni sun ga irin wannan sauyi kafin mu. Da ɗinkin keke ya zo, daga baya na kwamfuta, mai hannu bai iya gasa da su a sauri ko araha ba. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka riƙe abin da inji bai iya ba, da waɗanda suka nemi sababbin masu saye. Ƙungiyar matan nan ta birnin Zariya mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda ta faro a shekarun 1990, ta ɗauki zanen babbar riga ta ɗora a kan rigunan mata da jakunkuna da rigar matashi, kayanta suka kai har Amurka. Hannun bai canza ba, kasuwar aka canza. Mai digiri a tarihi ko adabi ko falsafa da ke kukan ba a ɗaukar irinsa, ya duba ko ƙwarewarsa ta bincike da rubutu za ta hau wani yadin.

Bugu

Riga komai kyan ɗinkinta, in aka kai ta kasuwa a cukurkuɗe, rabin kuɗinta za a taya. Shi ya sa ba a tsallake mabuga.

A duba takardar CV da yawancin ɗalibanmu ke yawo da ita. Shafi biyar ko shida, ta fara da sunan firamare, ta bi da addini da ƙaramar hukuma da yawan 'ya'ya, ta ƙare da cewa mai ita na son karatu da tafiye-tafiye. Adireshin imel ɗin laƙabin da abokai ke kiransa da shi ne. An yi mata hoto hamsin, an zuba a ambulan ruwan ƙasa, ana raba wa duk wanda aka ji ya san wani: "Alhaji, ga takarduna, ko da Allah zai sa a ji wani abu." Alhaji ya karɓa ya ce, "To, za mu gani," ya jefa a bayan mota.

Wanda ke tace takardun masu neman aiki ɗaruruwa ke gabansa, kallo ɗaya yake yi wa kowace. Abin da zai tsayar da idonsa shi ne aikin da aka yi: na tattara bayanai daga manoma kaza a ƙananan hukumomi kaza, na koyar da aji kaza na tsawon zango kaza, na rubuta rahoton da aka yi amfani da shi a wuri kaza. Shafi biyu sun isa, kuma kowane gurbi a sake gyara ta daidai da abin da tallar ta nema. Ta neman koyarwa daban take da ta kamfani, a can ne ake jero maƙalu da taruka.

Sauran kayan ma a tanada da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar cikakken sakamako takan ɗauki lokaci kafin ta fito. Malamin da za a nema ya rubuta wasiƙar shaida a sanar da shi da sauran makonni, a ba shi CV da bayanin gurbin, kada a tare shi a bakin mota ana cewa gobe za a rufe. Tallafin karatu na waje kowanne da lokacinsa da sharaɗinsa: Chevening na Birtaniya na neman wanda ya yi aikin shekara biyu, na Commonwealth kan bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, Jamus na da DAAD, Amurka na da Fulbright, PTDF na ɗaukar masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Wanda bai san wannan ba sai ya ɓata wata guda yana cika fom ɗin da ba nasa ba.

Dillali

Maɗinki na zaure, mai saye na Kano ko Abuja ko Ilori. Dillali ne ya san su duka biyu. Mutanenmu in aka zo nan sai su ce, "Ai ƙasar nan sai kana da hanya," su naɗe hannu. Akwai gaskiya a ciki, amma an cakuɗa abu biyu. Sanayyar da ke ɗora wanda bai cancanta ba zalunci ce. Sanayyar da ke sa a ji labarin gurbi da wuri, ko wani ya ce na ga aikin yaron nan da idona, wannan ko a Ingila da Amurka da ita ake tafiya, kuma ɗan talaka ma zai iya gina tasa. Malamin da ya duba kundinka, jami'in da ya ba ka bayanai, waɗanda suka riga ka fita daga sashenku, abokan taron ƙungiyar masana, shafinka na LinkedIn, duk dillalai ne in ka riƙe su da mutunci tun kafin bukata ta taso.

Sai dai a san dillalin ƙwarai. Shi la'adarsa bayan ciniki take. Wanda ya ce a kawo dubu ɗari biyar ko miliyan akwai "silot" a wata hukuma, ɓarawo ne ko da ya zo da takarda mai hatimi. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna sauraron bahasi kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji abubuwan kunya. Kafin nan, a watan Maris na 2014, dubban matasa da suka biya Naira dubu ɗai-ɗai suka yi cincirindo a filayen wasa don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, mutum fiye da goma suka rasu a turmutsitsi. Matsuwa ita ke jefa mai ilimi hannun macuta.

Shi ya sa bai kamata a bar dillancin nan a hannun sa'a ba. A manyan jami'o'in duniya akwai ofis na musamman da aikinsa ke nan: ya zauna da ɗalibi tun zangon farko, ya gyara masa CV, ya yi masa gwajin intabiyu, ya gayyato masu ɗaukar aiki, ya bibiyi inda waɗanda aka yaye suka shiga. A rabon kuɗinsa na 2024 asusun TETFund ya ware kaso don kafa irin waɗannan cibiyoyi a manyan makarantun gwamnati. Abu ne mai kyau, in dai bai tsaya a gini da allo ba. Cibiyar da za ta yi amfani ita ce wadda ta san ɗalibin digiri na biyu ba yaro ba ne: yana da iyali, wataƙila yana koyarwa a makarantar kuɗi da safe, sai yamma ko Asabar yake da sarari. Ta kuma tuna da matan aure, waɗanda da yawansu ba za su bar gari ba, ba kuma za su iya zaryar ofisoshi ba. Su ne suka fi bukatar a nuna musu ayyukan da ake yi daga gida ta intanet da guraben da ke cikin Zariya. Kowane sashe kuma ya iya yin abin da ba ya cin ko kwabo: ya riƙe sunayen tsofaffin ɗalibansa da inda suke aiki, ya gayyato biyu ko uku kowane zango su yi wa na baya bayani. Malamai masu duba kundi su ƙara tambaya ɗaya a zaman farko: "In ka gama, ina ka nufa?"

Inda misalin ya tsaya

Mutum dai ba riga ba ne. Ilimi na da daraja ko bai kawo albashi ba, kuma akwai wanda ya koma aji don son sani kawai, wannan ba ruwansa da dillali. Riga in an yanka ta an yanka, mutum kuwa yana iya sake kansa yana ɗan shekara arba'in. Sannan ba duk laifin ke kan ɗalibi ba. A shekarar yunwa ko rigar sarki ba ta da mai taya. Muddin masana'antu na rufe, wuta ba ta tsayawa, ana ɗaukar aiki a ɓoye ba talla, to wasu za su yi duk abin da aka lissafa a nan su kuma zauna. Wannan nauyin gwamnati ne, kuma ba za a daina faɗa mata ba. Amma gyaran ƙasa ba ya hannun ɗalibi a yau, tsara shekara biyunsa kuwa yana hannunsa.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai shirin sayen fom bana, kafin ka biya kuɗin, ɗauki takarda ka rubuta wurare uku da kake son yin aiki. Nemi mutum ɗaya a kowanne, ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi abin da suke dubawa in za su ɗauki sabo, da ko digirin da kake hari zai ƙara maka wani abu a wurinsu. In amsar e ce, shiga da ƙarfinka, ka zaɓi bincikenka daga matsalarsu. In a'a ce, ka riƙe kuɗinka ka nemi abin da suka ce. Wanda kuma ya riga ya shiga, bai makara ba, ya yi wannan tambayar a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa albarka a karatun, ya ba kowa halaliyarsa.